Fullu ko lalle: wanne za a dasa a gida a Hijaz don samun fure a ƙarshen zafi?

A Makka da Madina da Jidda, daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba tsakar gida takan yi fayau. Ƙananan furannin nan masu launi iri-iri da ake sayowa daga mashtal, wato wurin sayar da dashe, lokacin sanyi, tun watan Mayu rana ta gama da su. Zafin Makka yakan haura digiri 40 kusan kullum a waɗannan watanni, dare ma ba ya hucewa sosai, balle saman bene inda siminti ke riƙe wuta har bayan isha'i. Abin da zai yi huda a irin wannan yanayi sai ƙaramin itace mai ƙarfin saiwa, wanda zai shekara da shekaru a wuri ɗaya. Huɗu ake yawan cin karo da su a mashtal: fullu (wani irin yasmin mai farin fure), lalle, jahannamiyya da difla. A ganinmu, ga gidan Bahaushe mai yara da baƙi da kai-da-kawo, gardamar gaske tsakanin fullu da lalle take, saboda haka bari a fara sallamar sauran.

Difla ita ce mai dogayen ganye sirara da fure ruwan hoda ko fari ko ja, wadda ake gani a tsakiyar tituna. Wajen juriya ba ta da na biyu. Tana shan ruwa mai gishiri, ƙura da hayaƙin mota ba sa damunta, kuma tana fure duk tsawon zafi. Amma guba ce tun daga saiwa har fure. Dafinta zuciya yake taɓawa, 'yan ganye kaɗan kan kashe tunkiya, busasshen ganyen ma da dafinsa, hayaƙin itacenta kuma yana cutarwa. Gidan da ake ɗaure ragon layya a tsakar gida, ko yaro ke rarrafe yana kai komai baki, ba gidan difla ba ne. A bar wa baladiyya, wato hukumar gari, ita a bakin titi.

Jahannamiyya, wadda masana ke kira Bougainvillea kuma asalinta daga Kudancin Amurka ne, tana rufe katanga da kyau kuma tana son rana. Sai dai ƙarshen zafi ba lokacinta ba ne. Ta fi cika da launi idan yini ya gajarta dare ya yi sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. A Agusta yawanci ganye ne da ƙaya, ga shi ba ta ƙamshi. Akwai kuma wani ɗan uwan zoɓo da rama da ake gani a hotunan lambunan Turai, mai manyan furanni a Agusta da Satumba, wanda masana ke kira Hibiscus syriacus. Shi itace ne da ke zubar da ganye ya huta cikin hunturu mai sanyin gaske. A tuddan Ta'if, masu tsayin kusan mita 1,800, ko Baha da Abha, yana iya yi. A Jidda ko Makka ɓata kuɗi ne.

Abin da kowannensu yake bayarwa

Fullu jinsin yasmin ne, sunansa a wajen masana Jasminum sambac. Ganyensa kore ne shar mai sheƙi, furensa fari, yana buɗewa da dare. Yankin Jazan ne cibiyarsa a Saudiyya, musamman wajen Abu Arish da Sabya, inda ake tsinke ƙullin furen kafin ya buɗe, a jera shi a zare a yi sarƙar amare da angwaye da ɗaliban da suka kammala karatu. Tsayinsa mita ɗaya zuwa biyu ne, wasu rassan kan miƙe su nemi abin kamawa. Akwai mai fure falle ɗaya, wanda ke yawan huda, akwai kuma mai fure ninki-ninki, wanda ya fi girman fure amma yana jan ƙafa wajen girma kuma furen ba ya yawa. Wanda bai taɓa riƙe fullu ba ya fara da mai falle ɗaya.

Lalle kuwa babu Bahaushen da bai san ganyensa ba, amma da yawa ba su taɓa lura da furensa ba, domin a gida Najeriya da Nijar ana yanke shi ne don ganye tun bai kai ga huda ba. Idan aka bar shi, yakan fitar da gungun ƙananan furanni masu launin madara a ƙarshen kowane sabon reshe, Larabawa suna ce musu fagiya, har turare ake yi da su. In ba a datse shi ba yana kai mita biyu zuwa shida, kuma tsofaffin rassansa kan yi tsini su soki hannu. Ƙamshin furen mai nauyi ne, da yamma yakan cika gida har zaure. Wasu ba su da abin so kamarsa, wasu kuma yana hawar musu kai. Kafin a dasa shi ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, a samu gungu ɗaya a shigar da shi gida uwargida da kowa su shinshina. Ƙamshin fullu ba shi da wannan gardama, da wuya a samu wanda ya ƙi shi.

Rana da ruwa, inda suka rabu

Lalle ɗan rana ne. Tsakanin digiri 35 da 45 ya fi jin daɗi, kuma ganyen da ya tashi cikin wannan zafi shi ya fi kama hannu. Sanyi ne abokin gabarsa: ƙasa da digiri 11 ya fara wahala yana zubar da ganye, ƙasa da 5 yana iya mutuwa. A Makka da Jidda wannan ba abin damuwa ba ne. A Madina daren Janairu yakan yi sanyi, don haka a dasa shi jikin katangar da ke kallon kudu, wadda ke shan rana da yini ta saki ɗumi da dare. A Riyad ko Tabuk ko Ha'il sai dai a tukunyar da za a iya jawowa ciki, ko a riƙa lulluɓe shi da buhu a daren sanyi.

Fullu yana buƙatar rana awa huɗu zuwa shida kafin ya yi fure mai kyau, amma ba kowace rana ba. A Jazan da Jidda, inda iska ke ɗauke da laimar teku, yana iya tsayawa a fili. A Makka da Madina iskar busasshiya ce, ranar azahar zuwa la'asar tana ƙone bakin ganyen, ƙullin furen ya bushe kafin ya buɗe. Wurinsa shi ne jikin katangar da ke kallon gabas, ya sha rana daga fitowarta zuwa wajen tsakar rana, sannan inuwa ta rufe shi. Idan babu irin wannan wuri, a ɗaura koren ragar inuwa mai tare rabin haske daga Yuni zuwa Satumba, a ɗaga ta kamar mita ɗaya sama da shukar don iska ta ratsa. Kishiyar wannan kuskure kuma shi ne ajiye shi ƙarƙashin matakala ko cikin lungun da rana ba ta leƙawa. Zai yi ganye manya-manya gwanin sha'awa, fure ko ɗaya babu. Kafin a sayi komai, a duba wurin sau uku a yini ɗaya: da hantsi, da azahar, da la'asar. Wurin da rana ke duka a duka ukun na lalle ne.

Wajen ruwa bambancin ya fi haka girma. Fullu a tukunya mai faɗin santimita 40 yana son lita uku zuwa biyar kowace asuba a watannin zafi, a zuba a hankali har sai ya fito ta ƙasa. A saman bene a Agusta wani lokaci sai an ƙara da magariba. A tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi a dakata. Kwana uku ko huɗu ba ruwa a irin wannan zafi ya isa ya hallaka shi, kuma ko ya farfaɗo furen wannan zagayen ya tafi. Wannan abin dubawa ne ga gidajen da azumi da lokacin aikin Hajji ke ɗauke hankalin kowa, ko waɗanda ke tafiya gida hutun makaranta. Maganinsa siririn tiyon ɗigo da agogon da ke buɗe famfo da kansa: bakin ɗigo biyu masu ba da lita huɗu a awa, minti talatin kowace asuba, ya ba da lita huɗu ke nan. Lallen da ya shekara a ƙasa kuwa lita 15 zuwa 20 duk bayan kwana uku ko huɗu ta ishe shi a zafi, da sanyi sau ɗaya a mako. In an manta da shi sati biyu zai zubar da ganye, amma da ya sha ruwa zai sake toho.

Irin ruwan ma abin lura ne. Ruwan famfo na manyan birane, wanda mafi yawansa tataccen ruwan teku ne, ya dace da duka biyun. Ruwan rijiya da na wasu tankoki yakan zo da gishiri, lalle yana jurewa gwargwado, fullu ba ya jurewa. Alamar ita ce farin ɓawo a saman ƙasa da bakin tukunya, da ganye mai ƙonannen baki ko da ana ban ruwa kullum. Gishirin yana taruwa ne saboda ruwa yana tashi sama ya bar shi a baya, shi ya sa yayyafi kaɗan-kaɗan ya fi komai illa. Duk sati biyu a kwarara wa tukunyar ruwa ninki biyu ko uku na abin da aka saba, ya wanke gishirin ya fita ta ƙasa. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kusan babu gishiri a cikinsa, kuma a Jidda lokacin laima yakan tara bokiti. Shi ne mafi kyau ga wannan wanki, in dai ba a wanke na'urar da sinadari kwanan nan ba. Ruwan alwala ma ya yi. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada ya je kusa da su, haka nan ruwan da matatar ruwan sha ta kicin ke zubarwa, domin gishirin da ta tace ne a cikinsa.

Ƙasa, da ciwon da ke sa ganyen fullu ɗorawa

Ƙasar mafi yawan garuruwan Saudiyya yashi ce mai alli, ta tsakar gida kuma sau da yawa cike take da ɓaraguzan siminti da magina suka binne. Lalle ba ya tsirfa, in dai ruwa ba ya kwanciya zai kama. Fullu kuwa a irin wannan ƙasa ba ya iya jan sinadarin ƙarfe, ko da akwai shi a wurin, saboda allin ya ɗaure shi. Sai a ga sababbin ganyen saman reshe sun koma ruwan ɗorawa, jijiyoyinsu kaɗai suka rage kore, daga baya su yi fari-fari, fure ya tsaya. Da yawa kan ɗauka yunwa ce su ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa. A nemi garin ƙarfe mai launin jan ƙasa wanda aka rubuta EDDHA a jikin ledarsa, domin shi ne ke aiki a ƙasa mai alli, sauran nau'o'in ba su cika tasiri a nan ba. Giram biyar ga tukunya, giram goma ga itacen da ke ƙasa, a narkar a bokitin ruwa a zuba a gindi da yamma, saboda haske yana lalata shi. Yana rina tayil da tufafi, a kiyaye. Bayan sati biyu zuwa uku sabon tohon zai fito kore. Sau biyu ko uku a shekara ya wadatar. In kuwa tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi ɗorawa gaba ɗaya suna faɗuwa, ƙasar kuma kullum a jiƙe, to ruwa ne ya yi yawa saiwa ta fara ruɓewa.

Haɗin ƙasar da ya dace da duka biyun: kashi biyu jan yashi marar gishiri, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin tumaki ko shanu wanda ya daina wari, kashi ɗaya bitmos, wato baƙar ƙasar buhu mai laushi da ake sayarwa a mashtal. Ga lalle ana iya rage bitmos ɗin, ga fullu kada a rage, shi ne ke riƙe danshi. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙone saiwa.

Tukunya ko ƙasa

Yawancin mutanenmu a Makka da Jidda gidan haya suke, wasu a bene, abin da suke da shi baranda ce ko saman rufi. A nan fullu ya yi wa lalle fintinkau. Yana zama lafiya a tukunya mai faɗin santimita 40 har shekaru, ana sauya masa ƙasar sama kowace shekara, a sauya tukunya bayan shekara biyu ko uku, kuma ranar tashi daga gida a ɗora shi a mota. Lalle yana rayuwa a tukunya, amma sai mai faɗin santimita 50 zuwa 60 da zurfi, furensa kuma ba ya kai na wanda ke ƙasa. Irin wannan tukunya in ta cika da jiƙaƙƙiyar ƙasa tana iya haura kilo tamanin, don haka a ajiye ta kusa da katanga ko kan ginshiƙi, kuma a sanar da mai gidan, musamman saboda ruwan da zai riƙa zuba kan rufi.

Abin da ke kashe shukar saman bene yawanci ba ƙishirwa ba ne, dahuwar saiwa ce. Baƙar roba a kan siminti da azahar takan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, saiwar da ke jikin bangonta ta mutu. A ɗora tukunyar kan bulo biyu ko katako don iska ta bi ƙarƙashi, a zaɓi ta yumɓu ko farar roba, ko a saka ƙaramar cikin babba a bar rata tsakaninsu. A tabbata akwai huji huɗu ko biyar a gindinta, kuma kada a bar ruwa kwance a farantin ƙasa, yana ruɓar da saiwa ga sauro. A rufe saman ƙasar da busasshen ganye ko ɓarzajjen bawon itace mai kaurin yatsa uku, ba tare da ya taɓa gindin itacen ba.

Datsa: yadda ake sa furen ya faɗo a Satumba

Duka biyun a kan sabon reshe suke huda, don haka almakashi ne ke tsara lokacin fure. Fullu ana yi masa babbar datsa sau ɗaya a shekara, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu: a cire busassun rassa da waɗanda suka sarƙe a ciki, a rage sauran da kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabi, a yanka dab da saman idon ganye. Daga nan yakan yi fure zagaye-zagaye duk tsawon zafi. Bayan kowane zagaye a tsinke kan rassan da suka gama fure, ganye biyu ko huɗu daga sama, reshe ɗaya zai koma biyu, kowanne da ƙullinsa. Daga tsinkewa zuwa sabon fure wata ɗaya ne zuwa sati shida. Manoman Jazirar Larabawa suna lissafin fitowar tauraron Suhail daga 24 ga Agusta, lokacin da dare ke fara sassautawa. Wanda ya tsinke kan rassan a wannan mako, ya bi da taki, zai samu zagaye mai kyau a ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Babbar datsa a Yuli kuskure ce, tana tone rassan ciki ga rana su ƙone.

Takin zamani mai narkewa, irin wanda aka rubuta 20-20-20 a jikinsa, giram ɗaya a kowace litar ruwa duk sati biyu, daga Maris zuwa Yuni, sannan daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba. A tsakiyar zafi a dakata ko a rage zuwa rabi, domin shukar da ke fama da wuta ba ta iya cin taki, gishirinsa kawai zai taru. Kullum a fara jiƙa ƙasar kafin a zuba. Yuriya ita kaɗai tana ba da ganye ta hana fure.

Lalle kuma sai mai shi ya tsai da magana tun farko, ganye yake so ko fure, domin taura biyu ba ta taunuwa. Ganyen ƙunshi mai kyau yana kan sababbin rassa, furen ma a ƙarshen waɗannan rassan yake fitowa, duk wanda aka yanka don ganye furensa ya tafi. Mai son huda a Agusta da Satumba ya yi datsarsa a Fabrairu ko Maris, ya ɗan rage kai a Mayu, daga Yuni ya ajiye almakashi. Idan furen ya gama, a yanke gungun kafin ya ƙulla 'ya'ya, sai ya sake wani. Inda wuri ya isa, a dasa biyu da ratar mita ɗaya da rabi, ɗaya na uwargida da 'yan mata don ƙunshin salla da biki, ɗaya a bar shi ya yi fure. Taki kilo biyu zuwa uku na gargajiya a gindi, a Oktoba da Fabrairu, ya ishe shi. Ganyen a shanya shi a inuwa, rana tana rage masa ƙarfi, sannan a daka a tankaɗe. Abu guda da ya wajaba a faɗa: kada a shafa wa jariri lalle. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma da Saudiyya duka, kuma lalle yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini.

Ƙwari

Lalle ba shi da ƙwari da yawa. Wani lokaci darɓa kan taru a sabon toho, ruwan tiyo mai ƙarfi ya isa ya kakkaɓe ta. Kada a fesa maganin ƙwari a lallen da za a sa a jiki.

Fullu shi ne mai jan ƙwari. Na farko wani ɗan mitsitsin jan gizo da ke zama a bayan ganye lokacin zafi da ƙura. Ganyen yakan yi ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa toka, sai siririyar yana a tsakanin rassa. A riƙe farar takarda ƙarƙashin reshe a girgiza, in an ga ƙananan ɗigo suna tafiya shi ne. A riƙa wanke bayan ganyen da ruwa bayan magariba sau uku a mako. In ya ƙi, a haɗa mililita biyar na man darbejiya da 'yan ɗigon sabulun ruwa a lita ɗaya, a fesa bayan faɗuwar rana, a ɗauraye da asuba, a maimaita bayan mako. Fesa mai ko farar wuta da rana tsaka yana soye ganyen. Na biyu wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke maƙalewa a gaɓar reshe, yawanci kiyashi na hawa da sauka a wurin. In kaɗan ne a goge shi da auduga da sinadarin wanke rauni mai alkohol na kantin magani, in ya yi yawa a yanke reshen a jefar. Ƙullin furen da ya koma shunayya ya faɗi bai buɗe ba, a tsaga ɗaya a duba. In akwai 'yar tsutsa a ciki, a tsince duk waɗanda suka kamu har na ƙasa a ƙulle a leda. In babu, ƙishirwa ce ko iska mai zafi.

To wanne za a ɗauka?

Wanda ke da tsakar gida ko istiraha (gidan shaƙatawa) ko ɗan fili da rana ke duka yini guda, ruwansa ba shi da tabbas, kuma babu mai tsayawa kan shuka kullum, ya dasa lalle. A Makka da Madina shi muke fifitawa, domin zafin da ke wahalar da komai shi ne abincinsa, ga ganye kyauta. Wanda ke gidan bene, yana da baranda mai kallon gabas da ruwan famfo, kuma akwai mai duba tukunya kowace safiya, ya ɗauki fullu, musamman a Jidda da Yanbu inda laima ke taimakonsa. Inda aka haɗa biyun a gida ɗaya, a sa lallen ta yamma da fullun da ratar mita biyu, bayan shekara biyu shi zai zama inuwarsa ta la'asar. Kada a haɗa su a layin ɗigo ɗaya, abin da zai ishi ɗaya zai cutar da ɗayan.

Ba lallai sai an saya ba. Lalle yana kamawa daga reshe mai kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25, a cire ganyen ƙasa, a binne rabinsa a yashi mai danshi a inuwa, a Maris zuwa Mayu ko a Oktoba, cikin sati uku zuwa shida zai yi saiwa. Irinsa yana da taurin ɓawo, sai an jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwan kullum, shi ya sa reshe ya fi sauƙi. Fullu kuma hanyar da ba ta cika ba da kunya ba ita ce a lanƙwaso reshen ƙasa yana jikin uwarsa, a ɗan kankare bawonsa kamar santimita biyu, a binne wurin a wata tukunya a danne da dutse. Bayan sati shida zuwa takwas, in ya yi saiwa, a yanke shi daga uwar.

Mai saye a mashtal kada tarin fure ya ruɗe shi. Da yawa daga cikin fullun da ake kawowa a rumfar inuwa mai sanyi aka raine su, in aka kai su saman bene kai tsaye sai su zube cikin mako. A duba bayan ganye, a zaɓi mai rassa uku ko huɗu daga gindi, a roƙi mai mashtal ya zare shi daga robar a ga saiwa: fara mai ƙarfi ake so, ba baƙa mai wari ba, ba kuma wadda ta nannaɗe ta cika robar ba. Lokacin dashe daga tsakiyar Oktoba ne zuwa Fabrairu a Makka da Jidda, a Madina kuma a kauce wa tsakiyar sanyi, a yi a Oktoba ko Maris. A haƙa rami santimita 60 faɗi da zurfi, a cika shi da ruwa a gani. In bayan awa huɗu ko biyar ruwan na nan kwance, akwai dutse ko siminti a ƙasa, a fasa shi ko a sauya wuri. A dasa da yamma, a daidai zurfin da yake cikin robar, a danna ƙasar da hannu, a shayar da shi sosai. Sati biyu na farko a kare shi daga ranar azahar da kwali ko raga, a riƙa ba shi ruwa kullum ko bayan kwana ɗaya, taki kuma sai bayan wata guda, idan an ga sabon toho ya fito.